Doyar da Na Jefa Kafin a Tafa

Daga Malanville, zuwa ga ɗana Mani a Kotonu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar jikinka, musamman gwiwar nan ta hagu da kake ɓoye wa innarka. Yaya baƙunta, yaya zufar bakin teku, yaya mutanen da ka tarar? Allah ya sa kana ci kana ƙoshi, ya tsare ka a hanya da cikin fili, ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau muke. Ba zan cika ka da labarin gida ba, don ba shi ya zaunar da ni da alƙalami ba.

Innarka ta faɗa mini abin da ka gaya mata a waya, ko da yake ka ce kada ta faɗa. Kada ka ga laifinta. Kwana biyu ta yi tana zuba wa miya gishiri sau biyu, sai da na tsare ta da tambaya. Ga abin da na ji, in akwai kuskure ka gyara mini. Ƙungiyar ƙwallon da ta kira ku gwaji na wata guda ta cinye rabin watan. Gurbi biyu ya rage, ku bakwai ne a kansa, kuma ranar Juma'a ta sama za a manna sunayen waɗanda aka ɗauka. Mai horar da ku ya ce a gudu babu mai kama ka, a ƙarfin bugu ma haka, amma ƙwallon da kake ba abokan wasanka ba ta zuwa musu daidai, ko ta wuce su ko ta zo da ƙarfin da ba sa iya tarewa. Saboda haka ya cire ka daga tsakiya, ya karɓe lamba goma, ya ce ka koma baya ka sa lamba biyu in kana son ya ci gaba da duba ka. Kai kuma ka ce gara ka haɗa jakarka ka bi wani abokinka Legas da ka sa lamba biyu.

Da ta kai kan Legas ɗin nan sai da gabana ya faɗi, za ka ji dalili. Na so in kira ka nan take, sai na tuna halinmu a waya: ni ina ihu kamar kana hayin kogi, kai kana cewa to Baba, to Baba, mu rabu babu wanda ya ji wani. Shi ya sa na sayi takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ɗan dako ne, kuma da girmana na koye shi.

Kafin in fara faɗa, bari in gaya maka abin da ban saba faɗa a gabanka ba. Ina alfahari da kai, Mani, alfaharin da har ya fara damun mutane. Tun ranar da ka hau mota masu shayin bakin kasuwa suka gaji da ni. Ko farashin albasa ake magana sai na san yadda na karkato da ita ta biyo ta Kotonu. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zo sayen doya, na tsayar da shi a rana sai da ya ga hotonka uku kafin na bar shi ya taya. Ban manta ranar wasanku da samarin Tumbutun nan ta kusa da mu ba, da babur ɗin kabu-kabun da ya ɗauko ka daga Madekali ya lalace a rabin hanya, ka rataya takalmanka a wuya ka ƙarasa da gudu, ka shiga fili ba ka ko zauna ba, ka yi wasan har ƙarshe. Ranar ban taka ƙasa ba har gida. A unguwarmu ba a taɓa kiran ɗan kowa gwaji a babban birni ba, kai ne na farko, kuma ɗan mai sauke doya ne. Wannan babu mai ƙwace mana shi, ko me aka manna ranar Juma'a.

To, yanzu ka gyara zama.

Ka girma kana ganina a gindin kamiyo, babbar motar kaya, amma ban taɓa gaya maka yadda aikin yake ba, don kai idonka na kan ƙwallo, ni kuma na ɗauka dako ba abin bayani ba ne. Doyar da ke zuwa mana daga kudu ba a buhu take ba, a jibge take cikin mota har sama. Mutum ɗaya ke hawa bisa yana jefowa, ɗaya na ƙasa yana cafewa, ya juya ya miƙa wa na bayansa, haka har ta kai rumfa. Doya kuwa ba ta da yafiya. In ta faɗi ta karye ko ta ƙuje, kwana biyu ta fara ruɓa, mai kaya ba ya son ko ganinta. Shi ya sa akwai ƙa'idar da muka tarar. Na ƙasa in ya miƙa ta hannunsa ya juyo, sai ya tafa sau ɗaya, wato hannuna babu komai. Na bisa ba ya saki sai ya ji tafin nan. Kuma a kwance ake jefa ta, ba da kai ba, don ta sauka a kan hannu biyu.

Ina da shekaru kamar naka na zo neman aikin nan, a shekarun da aka fara zaɓe a ƙasar, hotunan 'yan takara manne a jikin kowace mota. Sarkin dako na lokacin, marigayi Gado, ba ya ɗaukar sabon mutum cikin ayarinsa sai ya gwada shi kasuwa huɗu. Mu biyar muka zo a kan gurbi ɗaya. Kada ka kalli wannan tsohon mai ciwon baya, a lokacin ƙarfi ne da ni na fitar hankali. Da kowane hannu nake jifa, kuma ina tsaye a gaban mota zan aiko da doya har baya ba tare da na taka ko ɗaya ba. Tun kasuwar farko aka sa mini suna Majaujawa, kaina ya kumbura har hula ta ƙi zama.

Abin da ban lura da shi ba, ko na ƙi lura, shi ne doyar da ke karyewa a ƙarƙashina ta fi ta kowa yawa. Duk wadda ta faɗi sai in leƙo in ce hannuwansu ne suka sha man shanu. A raina na yi nawa, tunda na jefa da kyau, da ƙarfi, da sauri, mutane suna ta kallo. Ban taɓa tambayar kaina wa nake jefa wa ba, ɗan tsayi ne ko gajere, ya gaji ko bai gaji ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na ji ƙamshinsa a maganar da ka yi wa innarka, da ka ce 'yan gaban ƙungiyar ba su da gudu. Wataƙila ba su da shi. Amma su ne a gabanka, ba waɗanda kake so a ce suna nan ba. Ƙwallon da ka ba mutum bai samu ba taka ce har yanzu, kai ka ɓatar da ita. Ka fara lissafa ta a kanka tun kafin mai horarwa ya lissafa maka.

A kasuwa ta uku aka tsayar da kamiyo biyu gefe da gefe, namu da na wani ayari. Babu wanda ya ce a yi tsere, amma matasa biyu a saman mota biyu, 'yan kasuwa sun taru suna zuga, ka san sauran. Mai cafe mini ranar shi ne Hamani, Hamanin da ka sani, takwaranka, wanda ke zama yanzu a rumfar doya yana ware manya da ƙanana. A lokacin matashi ne ɗan Tumbutu, ya girme ni da kaɗan, da mata da jariri, kuma duk ayarin babu mai hannunsa. Na ga na ɗaya motar ya fara wuce ni. Sai tafin nan ya zame mini ɓata lokaci. Na fara saki kafin ya tafa, sau ɗaya, sau biyu, yana cafewa da ƙyar. A na uku na ɗauko wata ƙatuwa, na aiko ta da kai, shi kuma bai gama juyowa ba. Ta same shi a hannun dama. Har saman mota na ji ƙarar.

Kai ka san yatsunsa biyu da ba sa lanƙwasawa. Tun kana ƙarami kake wasa da su, kana tambayarsa, yana ce maka kada ne ya cije shi a kogi. Ba kada ba ne, ubanka ne. Kuma ba karayar ce ta fi damuna ba har yau, abin da na faɗa ne. Yana durƙushe ya cusa hannun a hammata, ni kuma daga bisa na ce ai shi ne bai duba ba. Shekara talatin da wani abu ke nan, ban manta wannan magana ba.

Aka tafi da shi wurin mai ɗori. Gado ya zo ya tsaya a gindin motar. Na ɗauka kora ce, har na shirya baƙar maganar da zan mayar. Sai ya ce:

"Sabko, Garba. Ƙarhi kana da shi, ba mu musu. Amma ba ka san abin da na ƙasa ka ji ba. In kana son aikin ga, ka zamna ƙasa ka cahe shekara guda. Bayan nan mu gani."

Ka karanta maganar nan sau biyu, don ni sai da na yi shekara biyu kafin na ji ta. Mutumin nan ba ni gurbin yake yi. Mu biyar, ni da na yi ɓarna mafi girma, ni ya tsaya ya nemo wa wurin da zan gyaru. Amma kunnena bai ji haka ba. Abin da na ji kawai shi ne an sauko da Majaujawa a gaban jama'a. Na diro, na cire gammona na jefar a gabansa, na ce ni ba a haife ni don in cafe wa wani ba. Wani yaro mai sanyin jiki da nake yi wa dariya shi ya samu gurbin, ya yi aikin har ya gina gida.

Mani, mai horar da ku bai kore ka ba. Wanda ba ya son ka ba ya wahalar da kansa, zai bar ka da lamba gomarka ka yi ta harbin iska har Juma'a, ya ba ka hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan ya ga gudunka, ya ga ƙarfinka, ya ƙi yarda su tafi a banza, ya zauna ya yi tunanin inda za su yi masa amfani yau kafin sauran ya nuna. Ban san shi ba, ban san ko mai faɗa ne ko mai raha ba, amma na san irin maganar, don an taɓa yi mini ita a gindin mota. Ka je ka same shi da safe kafin a fara, ka ce ka karɓa. Kada ka karɓa da fuska a murtuke kana jan ƙafa don ya san ranka bai so ba, wannan ya fi ƙin karɓa muni.

Yanzu ga maganar Legas. Da na bar kasuwa ban iya komawa gida na kalli kakanka ba, don da bakina na gaya masa gurbin nawa ne. Na ƙetare gada, na wuce Gaya don kada a gan ni, na tsaya a Doso. Daga can na aiko da saƙo cewa na samu babban aiki a Legas. Babban aikin kuwa tura kurar ruwa ne, gida gida, ni da na ce ba a haife ni don in cafe wa wani ba. Duk lokacin da na yi niyyar dawowa sai in ce bari in samu abin nunawa tukuna. Ana cikin haka kakanka ya kwanta ciwo. Yayana Sule ya hau mota har Legas, ya yi kwana goma yana bin unguwannin Hausawa yana tambayar wani Garba ɗan Malanville, alhali ina nan kusa, tafiyar rabin yini. An ce duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, tsohon sai ya ɗaga kai ya tambaya ko ni ne. Wani direban albasa ne ya gane ni a bakin famfo, ya yi mini gaisuwar rasuwa yana zaton na sani. A lokacin har an yi sadakar arba'in.

Ba zan ja wannan ba, don hannuna ba ya son rubuta shi. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Duk inda kake, mu san nan kake. In an ɗauke ka mu sani, in ba a ɗauke ka ba mu sani a ranar, daga bakinka. Kunyar da kake gudu ta kwana uku ce, masu shayi za su yi maganarsu su koma kan albasa. Wadda na saya wa kaina da ƙaryar Legas har yau ina ɗauke da ita a ƙirji.

Da na dawo na yi wajen wata ban leƙa kasuwa ba. Wata safiya aka yi sallama, na fito, sai ga Hamani. Na rasa inda zan sa idona, sai ya sauka a kan hannun. Yatsun sun warke a miƙe, ba sa kama komai, cafewa ta ƙare masa, shi ya sa Gado ya mayar da shi bisa yana jefowa. Ya yi mini gaisuwar rasuwar tsoho, ya zauna ya sha ruwa, sa'an nan ya ce:

"Tashi mu tai. Na ƙasana ya koma gona, ina biɗar mai cahewa."

Na fara kame-kame, ina neman ta inda zan ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannun ya juya shi a gabana.

"Wanga ya warke tun bara," in ji shi. "Kai ɗai aka jira."

Haka na koma gindin mota, a ƙarƙashin mutumin da na nakasa. Ranar farko na san abin da Gado yake nufi. Na ƙasa rabin lokacinsa bayansa ne ke kallon mota. Kana juyowa ba ka san me ke tafe ba, ka tafa, ka buɗe hannu, ka ba da fuskarka da haƙoranka amana ga wanda ke bisa. Ni kuwa na san abin da na cancanta. Sai doyar Hamani ta zo. Mutumin da bai kai rabin ƙarfina ba, da yatsu takwas, amma doyarsa kamar ajiye maka ita ake yi a hannu. Na yi makonni ina mamaki kafin na gane dabararsa. Ba doyar yake kallo ba, ni yake kallo. Yana duban kafaɗata da diddigena, ya san lokacin da zan juyo, ya aika ta inda hannuna zai je, ba inda yake ba. In ya ga numfashina ya yi sama sai ya rage sauri ba tare da ya faɗa ba. In rana ta koma bayansa tana kashe mini ido sai ya matsa gefe. Kuma abin haushin, mun fi saurin sauke mota a kan lokacin da nake Majaujawa, don babu wadda ke faɗuwa balle a tsaya tsinta da gardama.

Bayan shekara Gado ya ce in hau. Na hau, kuma na iya, irin iyawar da ban taɓa yi ba da ƙarfina na da. Amma sai na ga ƙasan ta fi kama ni, na riƙa hawa kawai in Hamani zai huta. Yau ni nake gwada sababbi kasuwa huɗu, kuma duk ƙarfin yaro a ƙasa nake fara ajiye shi. Ranar sunanka da liman ya tambaye ni, ban yi shawara da kowa ba. Dangin innarka sun yi ta gunaguni a kan me zai sa a ba ɗan fari sunan wani Badende, ɗan wata ƙabila, da ba dangi ba. Yanzu ka san dalili.

Ni ban san ƙwallo ba sai daga bakin fili, amma na yi shekaru ina kallonku, kuma na lura mai son a ba shi ƙwallo yana da nasa tafin. Wani hannu yake ɗagawa, wani kafaɗa yake karkatawa, wani kallo ɗaya zai yi maka ya zabura. Kai ba ka jin wannan tafin, don tun kana ƙarami kai ne a bisa, kowa kai yake jira. A lamba biyu za ka tsaya inda ake ba ka ƙwallo da mutum a wuyanka da layi a gefenka. Za a aiko maka da mai ƙarfi ta buge maka ƙauri, za a aiko da wadda ta wuce ka ka bi ta a banza, wanda ya aiko kuma ya ɗaga maka hannu a gaban jama'a. Ranar da ka ji zafin wannan a jikinka, ranar za ka fara iya bayarwa. Ba na ce za a mayar maka da lamba goma ba. Na ce in an mayar, za ta tarar da wani mutum dabam.

Akwai wani laifin da yake nawa a cikin wannan, kuma shi ne na kwanan nan. Ni na ɓata ka a bakin fili. Duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafarka, muryar wa kake ji ta fi ta kowa? Buga, Mani, buga! In ka narka ta ta tsallake katanga ta faɗa cikin awakin mutane, ni tafi nake yi ina cewa ku ga ƙarfi. Ka tuna Yakuba, gajeren nan ɗan gidan mai gyaran babur, da ke buga muku gaba? Shekara nawa ya yi yana bin ƙwallayenka har cikin ƙaya, ya dawo yana haki, kai kuma ka buɗe masa hannuwa kamar shi ya yi laifi. Na gani da idona. Na gane abin da nake gani sarai, don na taɓa tsayawa a saman mota na yi irinsa. Amma daɗin a ce ɗan Majaujawa ne ya rufe mini baki. Da na kira ka gefe tun kana shekara goma sha biyu, da yau ba baƙo ne zai gaya maka a Kotonu ba. Ka yafe mini wannan.

Ga abin da za ka yi da kwanakin da suka rage. In an tashi daga horo, ka nemi wanda ka fi wahalarwa da ƙwallayenka, ko da yana cikin bakwai ɗin da kuke neman gurbi tare. Ka tambaye shi yadda yake son ta, a ƙafa ko a gaba, dama ko hagu, sa'an nan ku tsaya ku yi ta yi har ya ce ya isa. In ka ba da wadda ta lalace a cikin wasa, ka dafa ƙirjinka kowa ya gani kafin wani ya buɗe baki. Gudun nan naka kuma kada ka ɓoye shi don fushi. In an ce ka tsare gefe, ka tsare shi yadda ɗan gaban da ya biyo ta nan zai yi mafarkinka. Ka riƙe sallarka, ka daina ɓoye gwiwar nan ga mai duba lafiyarku, kuma ka rage barkonon mutanen kudu kafin wasa, cikinka irin nawa ne.

Jiya na je rumfa na gaya wa takwaranka duk abin da ake ciki, har da cewa zan tona maganar kada. Ya yi dariya har da tari, ya ce na ɓata masa labari mai kyau. Na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ci gaba da ware doyarsa, can ya ce:

"Hwaɗa ma takwarana shi amshi rigar. Lamba ga baya take, ko shi ba shi ganinta."

Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana, na yi wadda ta ishe ni. Kana iya yin duk wannan a manna takarda babu sunanka. Kwana goma sha wani abu ba su da yawa ga abin da ni na ɗauki shekara ina koyo, kuma sauran shidan su ma 'ya'yan wasu ne da ke yi musu addu'a. Ina sa rai ƙwarai, har na fara tunanin wane rago zai ji a jikinsa. Amma in ba a ɗauke ka ba, ina son ya zama don wani ya fi ka a ranar, ba don ka jefar da gammonka a gaban mutumin da ke ƙoƙarin ba ka wuri ba. Na farkon ana warkewa, a sake shiri, a koma wani gwajin. Na biyun ni na san tsawonsa.

Allah ya ba ka sa'a ranar Juma'a da kafin Juma'a. Allah ya tsare ƙafarka da gwiwarka, ya sanyaya zuciyarka in an tsokane ka, ya sa mai horar da ku ya ga abin da nake gani. Allah ya kiyaye ka daga abokin da zai ce ku gudu, ya dawo mana da kai lafiya ko da riga ko babu. Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka yi fushi da ita. Baffanka Sule yana gaishe ka, ya ce shi ya gama zuwa Legas neman mutane. Duk 'yan ayari suna gaishe ka.

In sunanka ya fito, ka kira innarka ta fara ji, hakkinta ne, ni zan ji daga guɗarta ko ina kasuwa. In bai fito ba, kada ka nemi motar da za ta sauke ka a ɓoye. Ka hau wadda ke isowa da hantsi, lokacin da tasha ke cike da mutane. Zan zo da rigata ta Juma'a in tsaya a gindinta. Kafin ka sauko ka leƙo ta taga da jakarka, ka jira. Zan tafa sau ɗaya, sai ka sako ta. Shekara talatin nake wannan aiki, ban yar da abin da aka jefo mini da amana ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba, wanda a da ake kira Majaujawa.